Ruwa ba ya kashe bindiga, ƙyuya ke kashe ta

Duk watan Yuni da Satumba, dubban maharba kan taru a ƙauyen Friendship da ke jihar Indiana a Amurka, su yi gasa da bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, dangin adakar da muka sani a hannun mafarauta da 'yan bindigar hawan sallah. Abin da ya fi ba su wahala ita ce dauɗar albarushi, kuma a kanta maganganu suka yi yawa, wasu gaskiya, wasu ƙanzon kurege.

Cewa albarushi na da ƙazanta, babu ƙarya. Fiye da rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska. Wani ya fita cikin hayaƙi, saura ya manne a cikin bututu, kullum yana ƙara kauri har harsashi ya ƙi shiga.

Babbar ƙaryar ita ce wai kada ruwa ya taɓa cikin bindiga don zai sa tsatsa. Dauɗar nan gishiri-gishiri ce, irin na fotasiyam, mai zuƙo laimar iska da kanta. Ita ke jawo tsatsa in ta kwana, ruwa kuwa shi ke narkar da ita. A wanke da ruwa, da ɗan sabulu in an so, a tsane sarai, sannan a shafa mai. Tausayin bindigar da ya hana ta wanka shi ke rarake mata ciki.

Wasu kuma suka ce man inji ya wadatar. Don ajiya ya yi, amma in ba a goge shi ba kafin harbi, sai ya haɗu da dauɗar su zama baƙin danƙo mai wuyar fita. Shi ya sa gwanaye ke shafa wa harsashi kakin zuma da kitse. Burinsu dauɗar ta zauna da taushi, domin halinta na ƙanzon tuwo ne: in ta bushe sai kankara, in ta jiƙa ta fita da kanta. A busasshen yanayi abin ya fi tsanani.

To, dole ne a goge bayan kowane harbi? A nan gaskiyar rabi ce. Abin da gasa ke so shi ne kowane harsashi ya tarar da bututu yadda na gabansa ya tarar. A gasar MLAIC, ƙungiyar duniya ta maharba irin waɗannan bindigogi, wadda aka kafa a 1971, ana harbi 13 cikin minti 30, a ƙirga 10 mafiya kyau, kuma an yarda mutum ya fara da harbi ɗaya na ɓata bututu wanda ba ya cikin lissafi. Mai gogewa ya goge kowane karo, da tsumma mai ɗan danshi. In ya jiƙe sharkaf, zai tura laka ta toshe kafar wuta, bindiga ta ƙi tashi.

Cewa hura iskar baki cikin bututu na tausasa dauɗa, haka ne. Amma masu yi da mesa suna hurawa ne ta baya, a bindigar da ake buɗe gindinta. Sa baki a bakin adaka ganganci ne, filayen harbi da yawa sun haramta.

An kuma ce Pyrodex, madadin albarushi, ba ya bukatar wanki. Yana bukata, shi ma yana cin ƙarfe. Hodar harsashin zamani mara hayaƙi kuwa, wadda wasu ke kwaɗayi don tsabtarta, tarwatsa irin wannan bindiga take yi.

Akwai gargaɗin da nake roƙon kowa ya ɗauka da gaske. In dauɗa ta tsayar da harsashi a tsakiyar bututu, kada a harba don a fitar da shi. Gurbin iska tsakaninsa da albarushi na iya kumbura bututun ko ya fasa shi a hannun mutum. A tura shi ya zauna daram, in ya ƙi a jiƙa albarushin a zaro shi da ƙugiya.