Gwajin DNA Na Gida Da Binciken Asali: Yadda Ake Zaɓar Wanda Ya Dace

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 2000, lokacin da kamfanin FamilyTreeDNA ya buɗe a birnin Houston na Amurka, binciken salsala ya sami sabuwar hanya. Mutum kan sayi ɗan ƙunshi ta intanet, ya tofa yawu a cikin kwalba ko ya goga auduga a cikin kumatunsa, ya aika ta gidan waya. Bayan wasu makonni sai sakamako ya fito. Wannan maƙala za ta nuna cewa zaɓen gwaji ya dogara ne ga tambayar da mai bincike yake son amsawa.

2.0 Ire-iren Gwaji

DNA, wanda ake kira ADN da Faransanci, shi ne sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. Gwajinsa iri uku ne.

Na farko shi ne na kiromosom Y, wanda ɗa namiji yake gada daga ubansa. Maza kaɗai ke yin sa, kuma yana bin tsatson uba ne zalla. Macen da ke son sanin wannan tsatso sai ta nemi mahaifinta ko ɗan'uwanta da suke uba ɗaya.

Na biyu shi ne na mitokondiriya. Kowa yana gadon wannan daga uwarsa, amma mata ne kaɗai ke miƙa shi ga 'ya'yansu. Don haka yana bin tsatson uwa.

Na uku shi ne gwajin gama-gari, wanda ke duba kiromosom 22 masu tagwaye da ake gada daga ɓangarorin biyu. Mutum yana samun rabi daga kowane mahaifi, kimanin kashi 25 cikin 100 daga kowane kaka, kuma yana tarayya da ɗan baffansa a kimanin kashi 12.5. Rabon yana raguwa daga zuriya zuwa zuriya, saboda haka amfaninsa ba ya wuce hawa 5 ko 6 sosai. Irinsa kamfanonin AncestryDNA da MyHeritage suke sayarwa.

Ke nan mai neman dangi na kusa gwaji na uku ya kamace shi, zai fi kyau kuma a kamfanin da ya tara mutane da yawa, domin ana gano ɗan'uwa ne kawai idan shi ma ya yi gwajin.

3.0 Gwaji Da Ƙabila

A shekarar 2003 Rick Kittles da Gina Paige suka kafa African Ancestry domin baƙaƙen fatar Amurka waɗanda cinikin bayi ya yanke musu tarihi. Kamfanin yana kwatanta tsatson uba ko na uwa da samfuran al'ummomin Afirka na yau, har akan ce wa wani ya yi daidai da Hausawa ko Fulani.

A nan akwai buƙatar lura. Idan aka koma baya hawa 10, gurabun kakannin mutum sun kai 1,024, alhali kowane ɗaya daga gwaje-gwajen tsatso yana magana ne a kan gurbi 1 tak. Haka kuma alamar gado ɗaya takan bayyana a ƙabilu da yawa. Misali, a 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa sun bayyana wani reshe na kiromosom Y mai suna R-V88, wanda ya yawaita a tsakanin masu magana da harsunan Cadi, musamman a arewacin Kamaru. Hausa tana cikin wannan dangin harsuna, amma ba kowane Bahaushe ke ɗauke da alamar ba, kuma ana samun ta a wajen waɗanda ba Hausawa ba. Kasuwanci da auratayya da ƙaura sun mayar da mutane masu asali daban-daban Hausawa. Harshe koyonsa ake yi, ba a jini ake gadonsa ba.

4.0 Sirri Da Doka

Kafin saye, ya kamata a binciki inda bayanan za su kwana. A 2018 'yan sandan Kaliforniya sun kama Joseph DeAngelo bayan sun bi sawun danginsa a rumbun GEDmatch. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan mutane kimanin miliyan 6.9 a 23andMe, sannan a Maris 2025 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Dokoki ma sun bambanta: Faransa ta hana irin wannan gwaji sai don dalilin asibiti ko shari'a ko binciken kimiyya, tare da tarar Yuro 3,750. Bayan haka, sakamakon mutum ɗaya yana iya tona asirin gida guda, kamar ya nuna wanda ake ɗauka uba ba shi ne uba ba.

5.0 Kammalawa

Mai zaɓe ya fara da tambayoyi uku: wane tsatso yake nema, mutane nawa kamfanin ya tara daga yankin da ake bincike, kuma ko ana iya goge bayanai da lalata samfuri. Gwajin yana taimakawa, amma sunayen kakanni da garuruwansu a bakin tsofaffi da rubutattun takardun gida ake samun su.