Ko Kun Sani?

Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Malanville, bakin gadar da ke haɗa Benin da Gaya ta Nijar, suna cin tafiyar da ta haura kilomita 700. Akasarinsu da turbo suke jan lodi. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905.

Hayaƙin da inji ke fitarwa ne ke juya 'yar farfelar turbo, fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta juya wata farfelar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, mai ya ƙone sosai, ƙarfi ya ƙaru.

Sai dai ɗora turbo a kan tsohon injin dizal ba a yin sa da ka. In ba a saita famfon mai ba, zafi na iya narkar da fistin. Ƙurar hunturu kuwa, in matatar iska ta huje, cinye farfelar da ke cusa iska take yi. Haka kuma, gogaggen direba kan bar inji yana aiki na 'yan mintoci bayan doguwar tafiya kafin ya kashe, don kada baƙin mai ya ƙone a cikin turbon.