Ciwon Da Aka Ɓoye Ya Fi Kisa

A ƙasar Ƙaraye da Rogo kowa ya san kowa. Malamin asibitin da zai auna ka, watakila ɗan maƙwabcinka ne, ko kuwa yaron da ka koya wa karatu. Saboda haka akawu da malamin makaranta da yawa su kan ƙi zuwa awo, don gudun kada zancen ciwonsu ya kai majalisar dare. Mu kuwa muna ganin wannan tsoro ya fi ciwon kansa haɗari.

Hawan jini ba ya yin sallama. Mutum ya kan shekara da shi bai ji kome ba, sai ran da ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Awo kaɗai ke tona shi: in ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, an shiga ciwo. Mai aikin zama, wanda ya bar fartanya ya kama alƙalami, ya fi kusa da shi, musamman in jiki ya yi nauyi. Mu kan ce tumbi alamar daula ce, amma bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tsawon mita 1.7 in ya haura kilo 72 ya fara yin nauyi, in ya kai kilo 87 kuwa ƙiba ta zama cuta, tana jawo hawan jini da ciwon sukari.

Haka barci. Likitoci sun ce baligi na bukatar awa 7 ko fiye kowane dare. Wanda ya raba dare wajen hira, ga sallar asuba na jiransa, jininsa ba ya samun hutawa. Mazauna gefen madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, su kuma sai su lizimci gidan sauro, gama sauro na hana barci, yana kuma kawo zazzaɓi.

To, ina batun asiri? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk abin da ya shafi ciwon mutum da maganinsa sirri ne. Ba a bayyana shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umurnin kotu ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Watau shugaban wurin aikinka ma ba shi da ikon bincika katinka haka kawai. Ma'aikacin da ya yi sakin baki ya ci amana, ya kuma karya doka.

Amma kada mu ɓoye wa na gida. Uwargida ce za ta rage gishiri a miya, ɗan'uwa ne zai tuna maka da ƙwaya, gama maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Zumunci ma magani ne, in mai ciwo ne ya zaɓi wanda zai gaya wa.

Malamai da akawuna, ku jama'a ke kallo. Ku fara zuwa awo, sauran za su biyo. Allah ya ba mu lafiya, amin.