Kalmomin Turanci 8 Masu Ƙarewa Da ILL

 

Da yawa daga cikinmu mun iya karanta Hausar boko. Amma idan muka shiga gari, sai mu tarar da takardun asibiti da na banki da kwalaben magani galibi da Turanci aka rubuta su. Kada wannan ya karya mana gwiwa. Turanci yana da haruffa 26, kuma mun riga mun san yawancinsu tun a aji. Guda 4 ne kawai babu su a rubutun Hausa, wato P da Q da V da X.

Yau za mu koyi kalmomi 8. Kowacce tana da haruffa 4. Dukkansu kuma suna ƙarewa da ILL, harafin farko ne kaɗai yake canzawa. Ana faɗar wannan ƙarshen kamar "il". Ko da yake L biyu aka rubuta, guda ɗaya ake furtawa. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin.

1. BILL. Ana faɗin "bil". Takarda ce mai nuna kuɗin da ake bin mutum, kamar na wutar lantarki ko na ruwan famfo ko na asibiti. Idan an miƙo maka ita, duba adadin kuɗin da kyau. In ka biya, karɓi rasit ka adana.

2. FILL. Ana faɗin "fil". Ma'anarta cika. Za ka gan ta a saman fom na banki ko na makaranta, ana nufin ka cike guraben da aka bari. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai ka fahimci abin da takardar ta ƙunsa.

3. HILL. Ana faɗin "hil". Tudu ke nan ko dutse mai tsayi. Dutsen Dala na birnin Kano, da Turanci DALA HILL ake rubuta shi.

4. KILL. Ana faɗin "kil". Ma'anarta kashe. Ana samun ta a jikin maganin sauro da na ɓera da na feshin gona. Wani lokaci ana ƙara mata S a ƙarshe, ta zama KILLS, wato yana kashewa.

5. MILL. Ana faɗin "mil". Injin niƙa ne, ko masana'antar da ake sarrafa hatsi. Idan ka ga allo an rubuta RICE MILL, to wurin gyaran shinkafa ne. Amma a lura, mil ɗin da muke auna nisan hanya da shi daban yake. Shi MILE ake rubuta shi, da E a ƙarshe, kuma ya ɗan ɗara kilomita ɗaya da rabi.

6. PILL. Ƙwayar magani ce wadda ake haɗiya. Kada a sha kowace ƙwaya sai yadda likita ko malamin asibiti ya faɗa.

7. TILL. Ana faɗin "til". Ma'anarta har zuwa. Idan an rubuta 8 TILL 4 a ƙofar ofis, ana nufin suna aiki daga ƙarfe 8 har zuwa ƙarfe 4. Tana kuma nufin huɗar gona.

8. WILL. Ana faɗin "wil". Tana nuna abin da za a yi nan gaba, kamar yadda muke cewa zan zo ko za su tafi. A wajen lauyoyi kuwa, tana nufin rubutacciyar wasiyya.

Akwai kalmomi biyu da suka fi rikita Bahaushe, wato PILL da FILL. Dalili shi ne babu P a harshenmu, saboda haka sai mu mayar da ita F. Ga yadda za a raba su. A ido, P tana da ƙullin ciki ɗaya a sama, F kuwa hannuwa biyu ta miƙa, ba ta rufe ba. A baki, idan za ka faɗi P, sai ka haɗe leɓɓanka gam, sannan ka buɗe su da ƙarfi. Idan F ce, sai ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka hura iska. Gwada sau 10, za ka ji bambancin.

Cikin kalmomin nan duka, wadda ta fi muhimmanci ita ce KILL. Harafi ɗaya tak ya raba ta da PILL, amma ɗaya magani ce, ɗayar kuwa tana iya zama ajali. Abin da yake kashe ƙwaro yana iya cutar da mutum da dabba. Duk kwalbar da ka ga wannan kalma a jikinta, ajiye ta nesa da yara da abinci. Idan ta ƙare, kada a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa, ko da an wanke ta. Kuma ba kowace guba ce ake rubuta wa KILL ba. Wasu hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye ake sa musu. Ka nuna wa uwargida da yara wannan alama. Rigakafi ya fi magani.

Ga aikin gida. Ka rubuta kalmomin nan 8 a littafinka, kowacce da ma'anarta. Ranar kasuwa ka duba alluna da kwalaye, ka ƙirga guda nawa ka gane. Wadda ta shige maka duhu, kai wa malamin ajinku, domin matambayi ba ya ɓata.

A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba masu ƙarewa da ELL, irin su SELL, wato sayarwa, da WELL, wato rijiya. Allah ya kai mu, ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.