Zaɓen Motar Ɗaukar Dogon Kaya a Jega, Aliero da Maiyama

A Jega, inda hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta haɗu da ta Birnin Kebbi, da kuma Aliero da Maiyama, manomi ko magini mai neman mota yakan fara tambayar buhun albasa nawa za ta ɗauka, alhali dogon kaya, irin su katako da kwanon rufi da bututun ban ruwa, shi ne ya fi wahalar da direba. Rodi, wato sandar ƙarfen da ake sakawa cikin kankare, tsawonsa yakan kai mita 12, shi ya sa ake lanƙwasa shi biyu kafin a ɗora.

Motar da ta fi dacewa ita ce a-kori-kura, wato mai buɗaɗɗen baya kamar Toyota Hilux, musamman mai layin kujera ɗaya, domin mai ƙofa huɗu bayanta gajere ne, wurin zaman fasinja ya cinye filin kaya. Ana ƙera mata firam na ƙarfe wanda ya ɗara rufin direba tsayi, ta yadda kayan zai kwanta a wuri biyu, a ɗaure shi gaba da baya, a rataya jan ƙyalle a bakinsa don masu biyowa.

Ɗora irin wannan kaya a rufin ƙaramar mota ganganci ne, domin nauyin da ya hau sama yakan rinjayi mota a kwana, iska kuma tana shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi. Tsayin cikin mota daga ƙasa ma abin dubawa ne, saboda hanyoyin fadama da damina, haka nan samuwar kayan gyaranta wajen makanikan Jega.