Yadda daɗaɗɗen ciwon hanta ke sauya gudun jini

A yawancin gidaje, sai idanu sun yi rawaya ko ciki ya kumbura ake gane hanta ta taɓu. Alhali tun kafin nan jinin majinyacin ya fara sauya hali.

Kaurin jini, kamar na kunu, ya danganta da abin da aka dama a ciki, wato jajayen ƙwayoyi da furotin da ke cikin ruwansa. Hanta ce ke sarrafa mafi yawan furotin ɗin, har da albumin da fibirinojin. Idan ta daɗe tana ciwo har ta ƙeƙashe, aikin yakan ja baya, ga kuma ƙarancin jini da ke addabar masu cutar. Sai jinin ya tsinke.

Za a zaci tsinkakken jini ya fi saurin gudu, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Lafiyayyar jar ƙwaya takan lanƙwashe ta kutsa cikin jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. In hanta ta lalace, kitsen kolestarol yakan taru a fatar ƙwayar, ta yi tauri, wani lokaci har ta fitar da tsini kamar ƙaya. Irin waɗannan ne saifa ke tsarewa ta farfasa tun ba su cika kwana 120 na rayuwarsu ba.

Hanyar ma ta ƙuntata. Kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shiga hanta yana biyowa ne ta babbar jijiyar da ke kwaso shi daga hanji da saifa. Tabon hanta ya tare shi, sai ya koma baya ya kumbura jijiyoyin maƙogwaro, waɗanda in sun fashe ake aman jini. A cikin babbar jijiyar kuwa, saboda tafiyar hawainiya, yakan dunƙule. Dalili shi ne hanta ke samar da sinadaran daskarar da jini, ita ce kuma ke samar da masu hana shi daskarewa, don haka tare suke raguwa. Majinyaci ɗaya na iya fama da zubar jini da toshewar jijiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da daɗaɗɗen ciwon hanta nau'in B a 2022, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yi wa katutu. Ga wanda hantarsa ta ƙeƙashe, asfirin ko ibuprofen ɗin da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba na iya zama silar aman jinin.