Kada Ka Sayi Gida Da Rani

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu neman gida a Kano: "Na yi sa'a, na samu mai arha, ga shi kusa da gari." Kowace shekara, tsakanin Fabrairu da Afrilu, sai wani ya zo majalisa yana washe baki da wannan albishir. Idan Agusta ta kama kuma ka gan shi ya naɗe ƙafar wando, da bokiti a hannu, yana kwarfe ruwa daga ɗakin matarsa da ƙarfe biyun dare. Bara ɗan ƙanwar mahaifiyata ne ya faɗa wannan rami, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kusa da gari, a bakin Bakano, ba wani abu ba ne illa inda ɗan kasuwa zai isa Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari ko Kurmi da adaidaita ɗaya, ma'aikaci kuma ya isa Sakatariyar Audu Bako ba tare da ya canja abin hawa ba. Kowa na son haka, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama rabin cefane. Ban ga laifin mai so ba. Inda nake da ja shi ne zaton da ake yi cewa arha a irin wannan wuri sa'a ce.

Ɗan ƙanwar mahaifiyar tawa ya kira ni ranar da aka kai shi ganin gidan. "Yaya, dillalin ya ce matsuwa ce ta sa mai shi zai sayar, 'ya zai aurar. Wai mutum biyu na jira, in ban ba da kafin alƙalami yau ba, gobe sai labari." Na ce ya dakata har damina. Ya ce ina yi masa baƙin ciki. To, aka biya, aka ba dillali la'adarsa, aka shafa fatiha. Ruwan farko na watan Yuni bai yi komai ba. Na ƙarshen Yuli ne ya tona asiri: ba ta ƙofa ruwan ya shigo ba, ta ƙarƙashin daɓe ya riƙa tsattsafowa, shadda ta cika ta dawo tsakar gida. Sai a lokacin wani dattijo maƙwabcinsa ya ce masa, "Ɗana, ai nan kududdufi ne, a nan muka koyi iyo."

Mu yi lissafi da hankali. Kanawa ba su san barci a kan dukiya ba. Gidan da ke da nisan minti goma daga kasuwa ba ya ɓuya. Maƙwabcin da ke son faɗaɗa nasa ya san da shi, ɗan kasuwar da ke neman wurin ajiye kaya ya san da shi, 'yan'uwan mai gidan sun riga kowa sani. Idan duk waɗannan suka kau da kai har ciniki ya iso gare ka, kai baƙo daga wata unguwa, kuma a farashin da ya gaza na maƙwabta, tambayar da ta kamace ka ita ce: me suka gani da ban gani ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma sau da yawa abin da suka gani ruwa ne. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, ganuwa da gidaje duka, kuma ƙasar nan daga cikin gari aka haƙo ta. Ramukan da aka bari su ne kududdufai. Ko da yake matattarar sauro da ƙazanta ne, suna da aikin da suke yi: duk ruwan saman da ya sauka a unguwa can yake gangarawa ya kwanta. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, sai aka shiga cike su da shara da ɓaraguzai, a zuba jar ƙasa a sama, a yanka fuloti, a sayar. An rufe ramin, amma ba a canja gangaren ƙasa ba. Ruwa bai san an yi ciniki ba, inda ya saba zuwa nan zai zo. Ga kuma harsashin da aka ɗora a kan shara: shara tana ruɓewa tana zama, gini na bin ta, shi ne za ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama, ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Kakanninmu ma sun bar mana gargaɗi a sunayen wurare, mu ne ba ma saurare. Wanda ya sa wa wuri suna Tudu ya san abin da ya gani, haka wanda ya ce Kwari ko Fadama. Kasuwar Kantin Kwari, duk da dukiyar da ke cikinta, ruwa ya shige ta a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shaddodi masu yawa, aka yi ta kuka da gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Idan manyan attajirai ba su iya lallashin ruwa ba, kai da ka tara kuɗinka da adashi fa?

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. "Ai zan ɗaga ginin, in cike shi da ƙasa." Ɗaga mana. Kuɗin tifa-tifar ƙasa da bulo da siminti, in ka haɗa, su ne ratar da ke tsakanin wannan gida da wanda ka ce ya yi tsada a kan tudu. Bayan haka ruwan da ka kora gidan maƙwabcinka zai shiga, shi ma baɗi ya ɗaga nasa ya fi naka, a yi ta tsere har lungu ya zama rafi. Ko ɗakinka ya bushe, ta ina yara za su bi zuwa makaranta? Wane mai adaidaita ne zai shigo ɗaukar mai naƙuda cikin dare? Rijiyar gidan kuma, da ita da shadda ruwa ɗaya suke sha a ƙarƙashin ƙasa, daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa. Wani ya ce, "Ai akwai kwata a layin." Leƙa cikinta tukuna, ka ga ledar ruwa da robobin da suka toshe ta, ka kuma bi ta da ƙafa ka ga inda ta ƙare. Kwata da yawa a bangon wani take tsayawa. Mai cewa Allah ne ke tsarewa kuwa gaskiya ya faɗa, sai dai an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Nemi gida duk lokacin da ka so, amma kada kuɗi su bar hannunka sai ka ga unguwar a jiƙe. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta, kada ka jira ya ɗauke da awa biyar, ɗauki lema ka tafi, kuma kada ka gaya wa dillali. Tsaya a bakin lungun ka ga inda ruwa ya nufa. Koma washegari ka ga ko ya janye. In kuwa dole ce ta sa za ka saya da rani, bango ba ya ƙarya. Duba ƙasan katanga ta waje, za ka ga layin danshi da wani farin gishiri-gishiri da ke cin filasta. Idan an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gindin taga kawai, an ɓoye wani abu. Dubi dokin ƙofar maƙwabta: in kowa ya gina matakala uku huɗu kafin a shiga gidansa, ko ya yi ɗan shinge na bulo a bakin zaure, sun ba ka amsa ba tare da sun buɗe baki ba. Ka kuma gwada tsakar gidan da titi, wanne ya fi tudu, domin sau da yawa gyaran titi ƙara masa tudu yake yi, gida na nan inda yake.

Sannan ka yi tambaya, amma ka san wa za ka tambaya. Wanda dillali ya nuna maka ba shaida ba ne. Zauna a teburin mai shayi da safe, ka yi sallar magariba a masallacin layin, ka gaisa da dattijon da ya fi kowa daɗewa. Kada ka ce masa "Ruwa na shiga nan?" don kunya za ta sa ya ce a'a. Ce masa, "Baba, da can mene ne a wurin nan?" A wannan zama ɗaya za ka ji nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, awa nawa ake samun wuta, da kuma ko ana iya fito da waya a hannu bayan isha'i. Wanda ke da hali ma ya kama haya a unguwar damina guda, hayar shekara ba ta kai asarar gida ba.

Matsalar takarda ita ma tana sa gida ya yi arha. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka takardar mai unguwa a kan awon igiya ba daidai take da shaidar mallaka ta gwamnati ba. A je hukumar filaye ta KANGIS a duba lambar fili, a tambayi hukumar tsara birni ta KNUPDA ko wurin ba ya kan hanya ko magudana, wanda ya ga rusau ɗin gine-gine da aka yi a Kano a 2023 ba ya bukatar dogon bayani. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari.

Ɗan'uwan nan nawa yanzu yana haya a wata unguwa, gidan kuma ya sa shi a kasuwa. Makon jiya ya ce mini dillali ya ba shi shawara a bari sai Maris, a yi masa fenti. Na ce masa in ya yi haka ba da yawuna ba. Kai kuma mai karatu, in an kai ka ganin gida mai arha da rani kusa da gari, ka tuna akwai irin wannan a kasuwa, ka ce a jira Agusta.